Ungulu da Kan Zabo: Kamun Shaho da Sunan Ceton Tsuntsaye

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tarurrukan masana da shafukan jaridun duniya, ana ta nanata ta har ta kusa zama karatun da ba a ja da shi. Maganar kuwa ita ce, wai masu farauta da shaho su ne manyan masoyan tsuntsaye, kuma wai kama shaho daga daji, a ɗaure masa ƙafa a rufe masa ido, wata hanya ce ta kare shi daga ɓacewa. Tun daga shekarar 2010, lokacin da hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada, masu wannan ra'ayi suka sami sandar dogarawa, duk wanda ya ɗaga yatsa sai a ce masa bai san tarihi ba, ko kuma yana gaba da al'adar mutane. To, mu mun ɗaga yatsa. Abin da muke cewa shi ne, a cikin maganar nan akwai gaskiya, amma an yi amfani da gaskiyar an lulluɓe wata ɓarna mai girma, an yi wa duniya ungulu da kan zabo. Aikinmu a wannan maƙala shi ne mu raba kan da gangar jikin, kowa ya ga abin da aka sayar masa.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan Bahaushe da wannan gardama, alhali ba a san mu da yawo da shaho a hannu ba? Ruwanmu da ita ta fuska biyu ne. Ta farko, duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta babin farauta, inda aka halatta cin abin da horarren kare ko horarren tsuntsu ya kamo, kuma asalin hukuncin yana cikin aya ta 4 ta Suratul Ma'ida. Saboda haka ba za a zo a ce muna haramta abin da Allah Ya halatta ba. Ta biyu, tsuntsu ba shi da fasfo. Shahon da ya ƙyanƙyashe a Turai ko Asiya, a sararin samaniyarmu yake cin rani, a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Cadi. Ayarin maharban da ya gama da dajin wasu kuwa, namu dajin yake fuskantowa.

Bari mu fara da ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manoman Turai da Amurka sun yi ta feshin maganin ƙwari mai suna DDT. Ƙwari suka ci, ƙananan tsuntsaye suka ci ƙwarin, shaho ya ci ƙananan tsuntsayen, dafin ya taru a jikinsa. A shekarar 1967 wani masani ɗan Ingila, Derek Ratcliffe, ya nuna cewa ɓawon ƙwan shahon da Larabawa ke kira shahin ya yi laushi, har uwa kan fasa ƙwanta idan ta kwanta a kai. A tsakiyar shekarun 1960 an nemi shahin mai sheƙa a gabashin kogin Misisifi na Amurka an rasa. A nan ne masu farauta da shaho suka yi abin a yaba. Tom Cade, malami a Jami'ar Kwanel kuma gwanin wannan sana'a, ya kafa gidauniyar ceton shahin a 1970. Abokan sana'arsa suka ba da nasu tsuntsayen aka haɗa su barbara, aka ƙyanƙyashe 'ya'ya, aka riƙa sakin su da wata tsohuwar dabarar masu shaho, wato a ajiye 'yan tsakin cikin akwati a kan dutse ko dogon gini, a riƙa zura musu abinci ba tare da sun ga mutum ba, har su koyi kamu da kansu. Gidauniyar ta saki fiye da 4,000. A 1999 aka cire shahin daga jerin halittun da ke fuskantar ɓacewa a Amurka.

Ba nan kaɗai ba. A tsibirin Morishiyos, a 1974, wani ƙaramin shaho guda 4 kacal aka sani sun rage a daji, da irin waɗannan dabaru aka mayar da su ɗaruruwa. A Kalifoniya kuma, wata ƙatuwar ungulu da ake kira kwando ta ragu har sai da aka kame duk waɗanda suka saura a 1987, jimillarsu 27, aka kiwata su, aka fara sakin 'ya'yansu a 1992, yau sun haura 500. Duk wannan gaskiya ne, ba mu musanta ko ɗaya ba.

Amma fa sai a tsaya a duba da kyau, me ya ceci tsuntsayen nan? Abu na farko, an hana feshin DDT a gonakin Amurka a 1972. Da ba a hana ba, ko shahin dubu nawa aka saki, ƙwan nasu zai ci gaba da fashewa. Abu na biyu, a duk misalan nan hannun mutum bayarwa ya yi. An kama kaɗan, da izinin hukuma, an rubuta lambar kowane tsuntsu, da niyyar a mayar wa daji ninkin abin da aka ɗauka, kuma an mayar. Wanda ya ɗauki irin shuka daga rumbu ya kai gona, da wanda ya ɗauki irin ya kai kasuwa, duka biyun sun buɗe rumbu, amma babu mai hankalin da zai kira su da suna ɗaya. Dabarar da ake yi mana ita ce a ɗauki ladan na farko a rataya wa na biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Su kansu Larabawan da, waɗanda ake fakewa da sunansu, ba haka suke yi ba. Balaraben ƙauye yakan kama shaho guda da kaka lokacin da tsuntsaye ke ƙaura, ya hore shi, ya yi farauta da shi cikin hunturu don ya sami naman miya, idan zafi ya gabato ya kwance shi ya tafi, domin ba shi da abin ciyar da shi cikin bazarar hamada. Tsuntsun ya koma ƙasarsa ya yi sheƙa. Wannan aro ne, kuma mai aron yana mayarwa. Da kuɗin man fetur suka shigo, aka sami ɗakuna masu na'urar sanyaya iska da motocin shiga rairayi da jiragen sama, sai aro ya koma riƙo, guda ɗaya ya koma ɗaruruwa a hannun mutum ɗaya, shaho ya tashi daga abokin neman abinci ya zama abin gasar masu hannu da shuni. A wani gwanjo da aka yi a Saudiyya a 2020 an sayar da ɗan shahin guda da aka kamo daga daji a kan riyal 650,000. Duk inda aka sa wa tsuntsu irin wannan farashi, an riga an yanke masa hukunci, domin babu talakan da zai gan shi a sama ya ƙyale shi.

Shaidarmu a kan haka ita ce halin da babban shahon nan da ake kira sakar ya shiga, wanda Larabawa suka fi so, mai sheƙa a filayen Kazakistan da Mongoliya da kudancin Rasha. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 iyakoki suka buɗe, albashi ya tsaya, dillalai suka kwararo. Ana ɗaura wa tattabara wata 'yar riga mai zarge-zarge a sake ta, shaho ya kawo sura ƙafarsa ta sarƙe. Daga nan a ɗinke masa fatar ido da zare, a naɗe shi kamar gawa, a cusa a jaka. Da yawa ba sa isa kasuwa da rai, kuma waɗanda suka mutu a hanya ba wanda ke lissafa su. Mafi muni, macen sakar ta fi namijin girma da ƙarfi, don haka ita dillalai suke nema. Kowane makiyayi ya san abin da ke faruwa ga garken da ake zaɓe matansa ana sayarwa. A 2004 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya sakar cikin masu fuskantar ɓacewa, kuma har yau yana cikin wannan rukuni. Ko ƙwai ba su tsira ba. A 2010 an kama wani mutum a filin jirgin saman Bamingam na Ingila da ƙwan shahin 14 ɗaure a jikinsa, zai hau jirgin Dubai. Shin wannan ma ceto ne?

Masu kare kamun suna da wata hujja da suke ji da ita. Sukan ce, ai fiye da rabin 'ya'yan shaho mutuwa suke yi kafin su cika shekara, yunwa da sanyi da haɗari su kashe su, saboda haka wanda ya ɗauki ɗaya daga cikinsu bai rage wa daji kome ba, ya ma tserar da shi. Hujjar tana da ƙafa, amma a wuri guda kawai take iya tsayawa, wato inda ake ƙirga. A Amurka, inda aka gina ta, mai son kama shaho sai ya ci jarrabawa, ya yi shekara 2 yana almajirci a hannun gwani, an duba ɗakin da zai ajiye tsuntsun, kuma haramun ne ya sayar da wanda ya kamo daga daji. Hukuma ta ƙayyade cewa ko a jinsin da ya yawaita kada abin da za a ɗauka ya wuce kashi 5 cikin 100 na 'ya'yan shekara. Da aka sake buɗe kamun 'ya'yan shahin masu ƙaura a 2009, guda 36 aka yarda a kama a duk faɗin ƙasar. To, a gaya mana, wa ya ƙirga shahon da ke bakin Bahar Maliya ta gefen Sudan, ko hamadar Libiya, ko arewacin Nijar da Cadi? Kashi 5 cikin 100 na nawa za a ɗauka, alhali ba a san nawan ba? Wanda bai san abin da ke cikin rumbunsa ba ba ya cewa ɗiban da ake yi kaɗan ne. Sa'an nan mai tarko a daji ba ya tambayar tsuntsu shekarunsa, uwa mai sheƙa da ɗan bana duk jaka ɗaya suke shiga.

Za a kuma ce mana, ba ku ga alherin da attajiran Tekun Fasha suke yi ba? Mun gani. Hadaddiyar Daular Larabawa ta fara shirin sakin shaho a 1995 da sunan Shaihu Zayid, an saki fiye da 2,000. An buɗe asibitin shaho a Abu Dabi a 1999. Da kuɗinsu aka kafa sheƙar roba 5,000 a kan turaku a filayen Mongoliya a 2010, sakar ya shiga ya yi ta haihuwa. Da kuɗinsu kuma aka gyara turakun lantarki kimanin 27,000 a can, bayan an ƙiyasta cewa wutar tana kashe sakar wajen 4,000 a shekara. Kiwon shaho a gida shi ma ya rage wa na daji nauyi. Mun yaba, kuma muna fatan a ƙara. Sai dai mu kira abin da sunansa. Wanda shanunsa suka cinye gonar mutane, ya zo ya biya, diyya ya biya, ba kyauta ya yi ba, kuma biyan bai ba shi izinin sake kora shanun cikin gonar ba. Ita kanta Mongoliya, wadda ta ɗauki sakar a matsayin tsuntsun ƙasa a 2012, dakatar da cinikinsa zuwa waje ta yi a 2013. Da kamun ne ke rayar da shi, da ba ta dakatar ba.

Har ila yau akwai wani wanda ake mantawa da shi a wannan shari'a, shi ne abin farautar. Shaho ba ya tashi a banza, hubara ake sakar masa, tsuntsuwar hamada 'yar'uwar tujinmu. An farauce ta a yankin Larabawa har ta yi wuyar gani, sai ayarin maharba suka bazama Pakistan da Maroko da Asiya ta Tsakiya. A watan Agusta na 2015 Kotun Ƙolin Pakistan ta hana farautar hubara. Gwamnatin ƙasar da kanta ta koma kotu tana roƙo, tana cewa gayyatar manyan baƙi farauta ginshiƙi ne na hulɗarta da ƙasashen waje, a watan Janairu na 2016 aka janye hanin. Wata biyar doka ta yi tana numfashi. Irin waɗannan ayarori sun shiga dajin Nijar da na Cadi da jerin motoci, suka bi tuji da barewa, a yankuna irin na Tarmit wanda sai a 2012 aka mayar da shi gandun da doka ta kare. An gina manyan gidajen ƙyanƙyasar hubara, kamar na Misur a Maroko, ana saki dubbai. Amma tsuntsuwar da aka ƙyanƙyashe don a sake ta gaban shaho ba ta zama shaidar cewa daji ya warke ba.

Kada kuma mu tsaya nuna wa baƙi yatsa mu manta da sauran yatsun da ke kallonmu. Idan ana maganar kama tsuntsaye masu farauta daga daji, mu ma muna da tamu kasuwar. Dattawanmu sun san lokacin da ba a yanka dabba a mahauta ba tare da ungulu sun cika katanga ba. Yau yaro zai girma a birni bai taɓa ganin ungulu ba sai a karin magana. Ina suka tafi? Wasu guba ta kashe su, wasu kuwa suna shimfiɗe a rumfunan masu sayar da kayan tsubbu a manyan kasuwannin ƙasar nan, kudu da arewa, kai daban, ƙafa daban, tare da mujiya da shirwa da gaggafa, domin wani ya gaya wa wani cewa kan ungulu yana kawo sa'a ko yana buɗe ido. A 2015 aka sanya ungulun nan tamu ta gida cikin rukunin da ke dab da ɓacewa. Wani bincike da aka buga a farkon 2024 ya duba jinsi 42 na tsuntsaye masu farauta a Afirka, ya sami 37 sun ragu, kuma ɓarnar ta fi tsanani a Afirka ta Yamma. Muna da doka tun 1985, Doka ta 11 ta mulkin soja, wadda ta hana cinikin halittun da ke fuskantar ɓacewa, an kuma yi mata gyara a 2016. Amma doka a takarda ba ta hana tarko kamawa.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, ya dubi Indiya. Wani maganin dabbobi mai suna dikulofenak ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulunsu tun daga shekarun 1990, kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, ruwa ya gurɓata, karnukan sake suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Masana tattalin arziki biyu sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Shirwa da shaho da mujiya kuma su ne masu gadin gona da rumbu daga ɓera da gafiya, ba a biyan su ko kwabo. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saura hujja ta ƙarshe, wadda ta fi taɓa zuciya, wato a ce mai tarkon talaka ne, da me zai ci? Amsar tana Nagaland, a arewa maso gabashin Indiya. A 2012 aka fallasa cewa mutanen ƙauyukan da ke bakin madatsar ruwan Doyan suna kama wani ƙaramin shaho mai ƙaura daga Sabiriya zuwa kudancin Afirka, tsakanin 120,000 da 140,000 a kaka guda, suna sayar da namansa. Ba sojoji aka tura musu ba. Dattawan gari da shugabannin addini da malaman makaranta da ma'aikatan gandun daji ne suka zauna, aka yi dokar gari, aka koya wa yara. A kakar 2013 kisan ya tsaya, wasu masu tarkon jiya suka zama masu gadi da masu yi wa baƙi jagora. Talaucin mai tarko dalili ne na a nema masa wata sana'a. Dillalin da ke ba shi 'yan canji ya je ya sayar da tsuntsun a kan kuɗin gida ba shi da bakin yin magana da sunan talaka.

Saboda haka ga matsayinmu. Ba mu nemi a kashe sana'ar farauta da shaho ba, ilmi ce mai daraja, kuma duniya ta ci moriyarta. Mai son ta ya nemi tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a gida, mai zobe a ƙafa da takardar shaida. Kada a kama shaho ko guda daga daji a ƙasar da ba ta ƙirga nata ba, kuma inda aka ƙirga aka yarda, kada wanda aka kamo ya shiga kasuwa. Gwamnatocin yankinmu su daina sayar wa baƙi dajin da ba su gama sanin abin da ke cikinsa ba, duk izinin farautar da aka bayar a buga shi jama'a su gani. Sarakunan kasuwa da sarakunan pawa da shugabannin masu maganin gargajiya su hana shimfiɗa ungulu a rumfa. Malamanmu kuma su tuna wa mutane hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda sahabbai suka ɗauke wa wata 'yar tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana shawagi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta a mayar mata da su.

Mu kuma ɗalibai da malaman Hausa muna da namu kason aikin, kuma ba wanda zai yi mana shi. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta Lebentis da ke aiki tun 2002, masananta suna ƙirga da awo. Abin da ba su da shi yana hannunmu, wato harshen da za a shiga ƙauye da shi a tambayi tsohon maharbi yaushe rabonsa da ganin tuji, a wace kuka mikiya take sheƙa, wane suna ake kiran kowane irin shaho a Katsina da Damagaram da Gumel. Duk ɗalibin da zai tafi hutu ya tafi da littafin rubutu, ya dawo da sunaye da wurare da shekaru. Wannan shi ne mafarin ƙirgar da muka ce babu ita, kuma ranar da wani ya zo da jaka da takardar izini yana cewa kaɗan zai ɗauka, da ita za a amsa masa. Allah Ya sa mu yi tun da sauran abin ƙirgawa, kada mu yi ihu bayan hari.